Titin Kaduna zuwa Kano ya gyaru, me ya sa kuɗin lodi bai sauka ba?

Wani ɗan kasuwar hatsi a Sabon Garin Zariya, mai tara masara da waken suya daga Giwa da Soba da Anchau yana turawa Kudu, ya aiko da tambaya. Ga ta a taƙaice: an sake gina titin Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, ana maganar miƙa shi har filin jirgin saman Kano, ana zuba kankare a ɓangaren Abuja, amma kuɗin da masu tirela suke yanka masa kullum gaba yake yi. To ina amfanin aikin? Titin ma zai daɗe kuwa? Ba gara a ƙara masa layi na uku ba? Sannan yana son sayen fili a bakin titin ya gina sito, yana neman shawara.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ginin hanya da duba lafiyarta shi ne sana'ata, don haka zan amsa maka yadda muke kallon abin mu masu aikin. Amfanin titin yana nan, sai dai ba a aljihun da kake lalubawa ya faɗa ba. Kuma ko zai daɗe ko ba zai daɗe ba, rabin amsar tana hannun ku masu kaya da masu mota, ba hannun ɗan kwangila kaɗai ba.

Bari mu fara sanin titin da muke magana a kai. Daga Zuba, a bakin Abuja, zuwa Kano kilomita 375 ne da 'yan kai, an raba shi uku: Abuja zuwa Kaduna wajen 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. An mai da shi tagwayen hanya tun zamanin Janar Babangida, ya yi ta ɗaukar kaya har ya gaji. A Disamban 2017 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyara shi a kan kusan naira biliyan 155. Da aka shiga aikin aka ga gyara ba zai yi ba, sai an tone an sake, a Maris 2021 aka faɗaɗa kwangilar ta koma kusan biliyan 797. A lokacin kuɗin ya fito ne daga asusun manyan ayyuka da NSIA, hukumar zuba jarin ƙasa, take riƙe da shi, wanda shi ne ya ɗauki titin Legas zuwa Ibadan da gada ta biyu ta kogin Neja, har da wani kaso na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. A Mayun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano, wato namu na Zariya da mafi yawan na Kano. Ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ne ya tsaya, har ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin David Umahi ta soke kwangilarsa a Nuwamban 2024 bayan an kasa daidaitawa a kan farashi, aka ba wani kamfani, aka sake ƙaddamar da shi a 2025 da tsarin kankare, tare da ƙarin da zai kai titin filin jirgin Malam Aminu Kano.

Zariya kuwa ita ce ƙullin wannan igiya. Duk motar da ta taso daga Sakkwato da Gusau da Funtuwa a Kwangila take haɗuwa da wadda ta taso daga Kano da Haɗeja da Maiduguri, ga ta Pambeguwa da Jos, ga ta Hunkuyi da Malumfashi. Titin kansa yanki ne na hanyar da aka tsara ta ratsa Sahara daga Legas ta bi Kano da Damagaram da Agadas har Aljeriya. Ma'ana, nauyin da kwaltarmu take ɗauka ba na Zazzagawa ba ne kawai, na rabin Arewa ne da wani sashe na Nijar.

Yanzu ga batun kuɗin lodi. Mai tirela idan zai yanka maka farashi, abin da ya fara lissafawa dizal ne, sai taya da kayan gyara, sai kuɗin da zai watsar a shingaye, sai ko zai samu lodin dawowa daga Legas ko Fatakwal, sannan ladan direba da yaron mota da na ɗan kamasho. A farkon 2022 litar dizal tana wajen naira 300, kafin ƙarshen 2023 ta haura 1,000. Dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460 a Mayun 2023, a farkon 2024 ta wuce 1,500, kuma taya da sifirin da kulochi duk da dala ake shigo da su. A daidai lokacin da aka gama mana titin ke nan. Sauƙin da sabuwar kwalta ta kawo ya zo, tsadar mai da ta dala ta haɗiye shi kafin ya iso gare ka. Da a ce titin yana nan yadda yake a 2017, da ramukan nan na tsakanin Jaji da Zariya da ake sauka gefe ana hawa, da farashin da kake kuka da shi yau ya fi haka.

Wani abu kuma, motarka ba a Kaduna take sauke kaya ba. Daga Zariya zuwa Legas ya tasam ma kilomita dubu, kilomita 73 ɗin da aka gyara kafin Kaduna ɗan yanki ne ƙarami. Idan direba ya samu minti arba'in a nan, ya je ya kwana a cunkoso a Tafa ko tsakanin Mokwa da Jebba, bai ci ribar komai ba. Mai mota ba ya rage farashi don tafiya ta yi daɗi. Yana ragewa ne ranar da motar da take sawu uku a wata ta koma yin huɗu, domin a nan ne kuɗin sayen motar da albashin direba suke rabuwa a kan lodi mai yawa. Wannan ba ya samuwa sai dukkan hanyar ta miƙe. Shi ya sa a wurina kammala Abuja zuwa Kaduna ya fi maka muhimmanci sau goma a kan miƙa titin zuwa filin jirgin Kano. Wancan ƙarin zai taimaki fasinja da alhazai da masu ƙananan kaya masu tsada, amma buhun masara ba ya hawa jirgin sama.

Waɗanda suka fi ganin amfanin a fili su ne masu kayan gwari da masu tafiya kusa. Mai tumatir daga Kadawa ko Kwanar Gafan, kowace awa a rana asara ce, kuma kowane rami yana matse na ƙasan kwando. Mai kai marar lafiya asibitin koyarwa na Shika daga Kano ko Kaduna, malamin jami'a da yake kwana a Kaduna ya zo Samaru da safe, mai homa da yake Kano-Zariya, waɗannan ba sai an yi masu lissafi ba. Kai kuwa mai hatsi, ka duba littafinka da kyau: ka raba abin da kake biya a kan buhu ɗaya daga ƙauye zuwa Zariya da nisan wurin, ka kwatanta da na Zariya zuwa Kudu. Za ka ga kilomita ɗaya ta hanyar ƙauye, inda kanta take kafewa a laka a watan Agusta, ta ninka ta babban titi tsada. Kuɗinka a can yake zuba, kuma waɗannan hanyoyin na jiha ne da ƙaramar hukuma, ba sa cikin waccan kwangila.

Mu zo ga daɗewar titin, inda nake so ka ba ni aron hankalinka sosai.

Titi ba da shekara ake auna ransa ba, da yawan nauyin da ya bi ta kansa ake aunawa. Idan injiniya ya ce ya tsara titi na shekara 20, abin da yake nufi shi ne ya ƙiyasta adadin manyan motocin da za su wuce a cikin shekara 20 da nauyin da kowane aksil zai ɗauka, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin hagu da na dama, sai ya zaɓi kaurin ciko da tsakuwa da kwalta da zai jure wannan adadi. Idan adadin ya cika a shekara 8, titin ya mutu a shekara 8. A ƙarshen shekarun 1950 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, aka gina hanyoyi aka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har suka lalace. Abin da aka gano har yau da shi muke aiki: ɓarnar da aksil yake yi ba daidai da nauyinsa take ƙaruwa ba. Idan ka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar ba sau biyu ba ce, sau 16 ce, biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Aksil mai tan 8 ya yi ɓarnar aksil dubu goma na ƙaramar mota. Don haka duk Golf da Sharon da suke zirga-zirga tsakanin Zariya da Kano, a lissafin kaurin titi kusan ba ma sa su. Tirela da tanka da tifa ne suke cinye shi.

Ga misali da kayanka. A ce tirela ita kanta tan 15 ce, aka ɗora mata buhu 300 mai kilo 100, tan 30 ke nan, jimla 45. Sai aka ce mai ya yi tsada, a ƙara ya zama buhu 450, jimla tan 60. Kayan sun ƙaru da rabi, amma ɓarnar da motar take yi wa titi a sawu ɗaya ta haura ninki uku. Za ka ce ai sawun ya ragu, mota biyu ta ɗauki kayan mota uku. Gaskiya ne, amma ko an cire wannan, ɓarnar da kowane buhu yake jawowa ta ninka biyu. Titin shekara 20 ya koma na shekara 10 ko ƙasa. Dokar ƙasashen ECOWAS ta sa iyakar tan 11.5 a kan aksil guda mai jan mota, Najeriya ma tana da ƙa'idarta tun 2018. Amma ka leƙa garejin da ake ƙera bodi, ka ga yadda ake ƙara ganyen sifirin, a ɗaga bodi, a ƙara tsawon shasi, duk don motar da aka ƙera wa tan 30 ta ɗauki 50. Tankar da aka sani da lita 33,000 ta koma 45,000, ta koma 60,000, har sai da wata ta kife a mararrabar Dikko a Janairun 2025, a kan wannan titin namu, wuta ta ci mutane fiye da 80, sannan hukuma ta hana lodin lita 60,000 daga Maris na shekarar.

In kana son ganin abin da idonka, ka tsaya gefen titi bayan an ɗauke ruwan sama, a wurin da tireloli suke taka birki kafin shiga gari ko inda suke hawan tudu a giya ta ƙasa. Ka dubi layin waje, na hannun dama. Idan ka ga ruwa ya kwanta a dogayen layuka biyu daidai sawun taya, tsakiyarsu a bushe, to kwalta ta fara lotsawa. Rana tana tausasa ta a watan Afrilu, nauyi yana murza ta gefe. Sannan ka matsa inda suke fakin su kwana. Za ka ga ƙasan kowace mota baƙi ƙirin da ɗigon dizal da baƙin mai, ka sa ƙafa ka murza, tsakuwa ta biyo takalminka, domin dizal narkar da kwalta yake yi. Ga ramukan da jak ya huda, ga duwatsun da yaron mota ya sa wa taya ya tafi ya bari. Irin wannan wurin ba ya shekara uku lafiya ko wane kamfani ne ya yi shi.

Maganin sikeli ne. Ba sikelin da za a gina a bakin hanya a sa masa fenti ya zama wurin karɓar na goro ba. Awo ya fi tasiri a inda ake lodi: kamfanin siminti, defot na mai, kamfanin taki, tashar jirgin ruwa, manyan kasuwannin hatsi irin Dawanau. Wuraren ba su da yawa, kuma motar da ba ta fito da obalodi ba ba sai an tare ta a hanya ba. Na san abin da za ka ce, idan aka hana obalodi kuɗin buhu zai tashi. Zai ɗan tashi, ba na musu. Amma yanzu ma kana biya, ta taya da take fashewa, da aksil da yake karyewa a daji kayanka su kwana uku, da kuma titin da za a sake nema wa ɗaruruwan biliyoyi. Mai mota ɗaya ba zai iya dainawa shi kaɗai ba, don abokin takararsa zai kwashe lodin. Sai ƙungiyoyi irin NARTO ta masu motocin sufuri da shugabannin kasuwa sun yarda a lokaci guda.

Abokin obalodi wajen kashe titi shi ne ruwa. Ka san soron ƙasa a cikin birnin Zazzau: muddin indararo yana zubar da ruwa kuma ana yaɓe kafin damina, sai ya ga jikoki, ranar da indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, azara ce za ta fara ruɓewa. Haka titi yake. Kwaltar da kake gani rufi ce kawai, ƙarfin yana ƙasa, a tsakuwar da aka daddanne da cikon marmara. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita dubu a shekara, kusan duka a wata biyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsaga ƙarama ta buɗe, ruwa ya shiga, cikon ya jiƙe ya yi laushi, tirela ta taka, ruwan ya fito da laka ta cikin tsagar, ƙasa ta zama rami, kwalta ta rufta. Toshe tsagar da ɗanyar kwalta a watan Maris aikin mutum huɗu ne da tukunya. Bari ta kai Satumba sai an kawo katafila. Hukumar FERMA mai kula da gyaran titunan tarayya an kafa ta tun 2002 don irin wannan, amma mu a ƙasar nan kuɗin sabon aiki ya fi na kula da tsoho sauƙin fitowa, saboda ba a yanka kyalle a bikin share kwalbati. Mu ma jama'a da namu: lambatun da aka gina a Ɗanmagaji ko Dogarawa ba juji ba ne, kuma mai shagon da ya cike shi da ƙasa don kwastoma ya samu wurin fakin ya juyo da ruwan kan titi ke nan.

Kankare fa? Ana ta gardama a kai kamar batun ƙwallo. Kankare mai rodi ba ya lotsawa da zafin rana, dizal ba ya narkar da shi, idan an yi shi daidai yana shekara 30 zuwa 40, kwalta kuwa 15 zuwa 20 kafin ta nemi sabon rufi. Siminti a gida muke yinsa, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, ita kuwa ɗanyar kwalta shigo da ita ake yi da dala duk da muna da ita kwance a ƙasa a jihar Ondo. An gwada kankare a titin Obajana zuwa Kabba da na Apapa a Legas. Aibinsa shi ne ba ya yafe kuskure. Yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, idan aka zuba shi da hunturu ba a kula da jiƙa shi ba sai ya tsattsage tun kafin mota ta hau, kuma gyaransa ba faci ba ne, sai an yanke an fasa an rufe layi kwanaki. Ni a ra'ayina titin da tirela ta yi wa yawa irin Abuja zuwa Kaduna ya cancanci kankare, in har akwai masu sa ido na gaske a kan kwaɓi da rodi da cikon ƙasa. Ɓangarenmu da aka riga aka gama kuwa ba dalilin fasa shi. An yi shi da dabarar niƙa tsohuwar kwalta a gauraya da ɗan siminti da sabuwar kwalta a mayar a matsayin gindi, kuma dabara ce mai kyau. Abin da yake bukata kankare a wuraren tsayawa da mahaɗa da garejin tirela, sauran kuma a kula da shi.

Layi na uku ba na goyon bayansa yanzu, in ban da mashigar Kano da ta Kaduna da ta Abuja. Layi ɗaya na titin da ba a tare shi ba yana iya wuce da ƙananan motoci wajen 2,000 a awa. Ka taɓa ganin haka tsakanin Jaji da Gwargwaje, in ba jajibirin Sallah ba? A daji titin fayau yake. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Cunkoson yana Mararrabar Jos da Tafa inda tireloli suke mai da layin waje gareji, yana Kwangila inda ake lodin fasinja a gindin gada, yana Tashar Yari da Kwanar Ɗangora inda kasuwa ta hau kwalta. Idan ka ƙara layi a waɗannan wuraren ba ka canza komai ba, ka ƙara wa tirela wurin kwana ne da mai rake wurin baza kaya. Abin da suke bukata shi ne ƙaramin titi a kowane gefe, a raba shi da babban da dakali, ɗan acaba da mai Keke da mai sauke fasinja su bi nan, a bar tsakiya ga mai wucewa. Sai garejin tirela na gaske, mai ruwa da banɗaki da masallaci da masu abinci da tsaro, domin direban da ya taso daga Legas dole ya tsaya wani wuri, kuma ba zai shiga filin da babu mai shayi ba ko an kafa masa soja. A tashi masu sana'ar tare da shi a kai su can, in ba haka ba kowa zai dawo bakin titi cikin wata guda.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa: titi mai santsi yana kashe mutane ta wata fuskar. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ce ƙaramar mota kilomita 100 a awa a irin wannan titi, bas 90, tirela da tanka 60. Wa yake bi? Motar da take gudun 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yarinya mai tallan gyaɗa ta sauko daga dakalin tsakiya, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya ci wajen mita 40, kafin motar ta tsaya cik ya kusa mita 100, wannan ma idan tayarsa da birkinsa lafiya lau ne kuma titin a bushe. Ƙauyen da titi ya raba gida da gona, ko gida da makaranta, dole a ba shi wurin tsallakawa a daidai inda mutane suke bi, ba inda ya yi wa mai zane daɗi ba. Gadar ƙafa mai matakala arba'in tsohuwa da kaya a ka ba za ta hau ba, mai shanu da mai amalanke ma haka, su hanyar ƙarƙashi suke so. Haka wurin juyawa: idan aka nisanta shi da gari kilomita uku, ka haifar da masu bin hannun da ba nasu ba, kuma karon gaba da gaba a nan yake fitowa. Fitila a cikin garuruwa da sare dajin gefen titi suna cikin aikin, wanda ya bi ta Rijana da Katari a shekarun da satar mutane ta yi ƙamari ya san dalili.

Tolget zai dawo, ka sa wannan a lissafinka. Gwamnatin Obasanjo ta rushe su a ƙarshen 2003, an dawo da karɓar kuɗi a titin Keffi zuwa Makurɗi a Fabrairun 2025, kuma da wuya a kashe wannan dukiya a namu a bar shi kyauta. Ban ƙi ba, bisa sharaɗi biyu: kuɗin ya tsaya a kan kula da titin da aka karɓa a kansa, kuma a kwashe masu sanda da ƙusa da suke tare motar kaya da rasit iri-iri. Biya ɗaya sananne ya fi wa ɗan kasuwa sauƙi a kan goma da ba ya iya lissafawa.

Asalin maganin nauyi kuwa dogo ne, kuma Bazazzagi ba sai an gaya masa ba. Sabon Garin da kake kasuwanci jirgin ƙasa ne ya haife shi bayan layin ya iso a 1911, reshen Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, gyaɗa da auduga duk ta nan suka bi zuwa teku. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203 da zai ratsa Zariya an ƙaddamar da aikin gina shi a Yulin 2021. Ga tashoshin sauke kaya na tudu a Kaduna da Dala da Funtuwa. Ranar da siminti da taki da mai da hatsi suka koma kan dogo, tirela ta koma ɗauka daga tasha zuwa sito, titin zai ninka shekarunsa ba tare da an ƙara masa ko shebur ɗaya ba. Ku 'yan kasuwar Zariya ya kamata tun yanzu ku matsa a ba tashar garin nan filin lodin kaya da sikeli, kada ta tsaya a ɗakin jiran fasinja. Cibiyar NITT tana nan Basawa tun 1986, aikinta ke nan nazarin sufuri, ku je da ƙungiyarku ku nemi su taya ku tsara bukatar a rubuce.

Saura batun sito. Titin tarayya yana da hurumi, mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Duk abin da ka gina a ciki ranar da aka tashi faɗaɗawa rusau ne, kuma ba lallai ka ga diyya ba. Kada ka yarda da awon dillali. Ka je ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya a Kaduna a nuna maka iyakar, ka tantance takardun filin a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ka karɓi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, sannan ka ƙara ja baya da wasu mitoci don ƙaramin titin gefe da nake fata a yi. Tunda kayanka Kudu suke tafiya, ka nemi hannun da yake zuwa Kaduna, wato ɓangaren yamma, don motar da ta yi lodi ta hau titi kai tsaye, wadda take fanko ita ce za ta sha juyawa. Ka guji kwana da gindin gada da bakin mahaɗa. Tirela tana kai mita 16 zuwa 18, saboda haka ka bar mata fili a cikin harabarka da za ta shiga ta juya ta fito da kai, ba ta tsaya a kwalta 'yan dako suna tsallaka titi da buhu ba. Mashigar ka sa mata kwalbati mai faɗin lambatun da ka tarar, daɓen siton kuma ya ɗara titi tsawo. Kafin ka biya ko kwabo ka je ka ga filin a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi, domin cikon sabon titi ya ɗaga, wasu filayen da suke tudu a da yanzu su ne matattarar ruwa. In kuwa ka samu fili mita 200 ko 300 a ciki, a kan hanyar da tirela za ta iya shiga ko da damina, shi zan ce ka ɗauka: ya fi araha, ƙura da ɓarayi sun fi ƙaranci, kuma faɗaɗawar da za a yi nan gaba ba za ta taɓa shi ba.